Jiran Hatimi a Bakin Ruwan Bahiya

Laraba, 1 ga Rajab 1281, bayan Azahar

Da sunan Allah. Takarda ta yi mini saura daga wadda na sayo don jera sunayen matafiya, kuma yanzu ba ni da aikin yi sai jira, shi ya sa na ce bari in riƙa rubutawa. Ni ne Idirisu matuƙi.

Mu ashirin da huɗu ne, duk 'yantattu, muka haɗa kuɗi muka ɗauki hayar ƙaramin jirgi mai filafilai biyu zuwa Ikko. Daga can kowa ya nemi hanyar garinsu, in garin yana nan. Malam Mahmudu ne babbanmu, jakar kuɗin tana hannunsa. Kyaftin ɗin Bature ne mai suna Sarafin, don irinmu ba a ba mu takardar kyaftin. Amma ni zan riƙe akalar jirgin, kuma aikin nan shi ne kuɗin jirgina da na matata. Shekara talatin da ɗaya ina tuƙi a wannan ruwan, daga tsibiri zuwa kasuwa, sha biyu na ubangidana, sauran na kaina. Kwale-kwalena na sayar da shi watan jiya. Ranar da mai sayen ya zo ɗauka ban je bakin ruwa ba.

Cikin ashirin da huɗun akwai matata Altine, da 'yarmu Talatu, da mijinta Audu masassaƙi. Talatu a nan Bahiya, garin da aka kawo mu bauta a ƙetaren teku, aka haife ta, Hausarta ma rabi Yarabanci ce. Cikinta wata shida. Audu ya ce ɗansa ba zai buɗe ido ya ga ubansa yana kauce wa mutane a hanya yana cire hula ba.

Takardar tafiya ta kowa ta fito. Saura abu uku: likita ya duba mu, a binciki kaya a gidan fito, sannan a buga hatimin sallamar jirgi. Kyaftin ya ce kwana huɗu.

Alhamis, 2 ga Rajab, La'asar

Likitan tasha ya zo da hantsi. Aka jera mu a saman jirgi cikin rana, yana bi yana duba harshe da ƙwayar ido. Na tuna wani jeri irin wannan, sai dai a wancan ba mu da riguna.

Altine ta tsaya cak cikin farin zanenta. Tun Asuba Kande ta ba ta zuma da citta. Kande ƙawarta ce, shekara ashirin suna suyar ƙosai gefe da gefe a ƙofar kasuwa, kuma a ɗakinta muke kwana tun da muka saki namu. Likita ya dubi Altine ya wuce. Sai da muka shiga kwale-kwalen komowa, muka yi nisa da jirgi, sannan ta saki tarin da ta riƙe. Ya daɗe bai tsaya ba.

Takardar lafiya ta fito da sunan kowa. Kwana goma take aiki, in jirgi bai tashi a cikinsu ba sai an sake duba mutane. Mu ko rabinsu ba ma buƙata.

Juma'a, 3 ga Rajab, bayan La'asar

Yau biya muka yini muna yi. Kuɗin tsayuwa, wato abin da jirgi ke biya kowace rana don ya jefa ƙugiya a tasha. Kuɗin fitilar bakin teku, wadda ta yi shekara talatin tana nuna mini hanya ban san ana biyanta ba. Kuɗin takarda, da kuɗin hatimin da ake buga wa takardar. Kowanne tagarsa daban, ɗaya ma ba a garin ƙasa take ba, sai an hau tudu. Sau biyu muka hau, ni da Malam Mahmudu, don karon farko an ce shaidar taga ta biyu muka kawo, ta taga ta uku ake so. Malam yana tsayawa yana dafa bango. Masu ɗaukar Turawa a kujera suna wuce mu da sassarfa, sai wani cikinsu ya juyo ya ce da Hausa, "Sannunku, Baba. Ku gai da gida." Ban san yadda aka yi ya sani ba.

Gwiwoyina sun kumbura.

Asabar, 4 ga Rajab, Magariba

Ban so in yi rubutu yau ba.

An fara binciken kaya da hantsi a rumfar gidan fito. Naɗin taba, buhunan sukari, kayan sassaƙar Audu, tukwanen mata, duk suka wuce ana shafa musu alli. Magatakardan da ke rubutawa wani siririn mutum ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Da aka zo kan akwati na goma sha bakwai, mai binciken ya zura hannu ƙarƙashin tufafi ya zaro wani ƙunshin fata. Ya kwance. Warƙa goma sha ɗaya, rubutun Larabci, tawadar ta koma ja don tsufa.

A garin nan har yanzu in suka ga irin wannan rubutun, shekara talatin suke komawa baya, zuwa tawayen da bayi Musulmi suka yi.

Magatakarda ya cire tabarau ya goge. Ya ce hanya biyu ce. In mai akwatin ya sa hannu ya yafe takardun, za a ƙona su a gabansa, a ci gaba da bincike, jirgi ya tashi Litinin. In kuwa yana son abinsa, sai an aika su tudu an samo wanda zai karanta ya shaida babu komai a ciki, kuma kafin nan ba za a taɓa sauran kayan ba.

Mai akwatin ya ce yana son abinsa.

Lahadi, 5 ga Rajab, hantsi

Ko'ina a rufe. Jirgi yana tsaye, kuɗin tsayuwa yana tafiya.

Litinin, 6 ga Rajab, bayan La'asar

An ce akwai wani tsohon fada, wato limaminsu, a gidan ibadarsu na tudu da ya iya haruffan. Na hau. An ce ya ƙetara tsibiri, sai bayan idinsu zai komo.

Audu ya same ni a bakin ruwa. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, sannan ya ce, bai ɗago kai ba, "Baba, mutum ashirin da uku ne ke jiran warƙa goma sha ɗaya." Na ce na iya lissafi. Ya tashi ya tafi.

Akwatin nawa ne. Ban san wa nake ɓoye wa ba a takardar da ni kaɗai ke karantawa.

Rubutun Zubairu ne, yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Rana ɗaya aka kama mu a gonar gero a ƙasar Zazzau, jirgi ɗaya ya kawo mu. Shi ya yi karatu tun a gida, ni a wurinsa na koya, a nan, a bayan ɗakin ajiyar wani Bature a unguwar Vitória. Surori ne da ya rubuta da ka don kada su kuɓuce masa. A watan azumin shekarar tawayen nan da kowa ya sani, ya fita da farar riga, ya kai gaɓar Água de Meninos, bai wuce nan ba. Babu kabari. Ba zan rubuta sauran ba. Har yau in tuƙi ya bi da ni ta gaban gaɓar, gefen teku nake kallo.

Na ce zan kai wani abu nasa gida. Iyakarta ke nan.

Talata, 7 ga Rajab, Azahar

Gobe, in ji su.

Laraba, 8 ga Rajab, La'asar

Malam Mahmudu bai ce mini komai ba. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dai kwance jaka a gabana, ya miƙa kuɗin tsayuwar yau ta taga, ya ɗaure, muka fito. A hanya ya tambaye ni jikin Altine. Na ce da sauƙi. Ya ce Allah ya ƙara, ya ci gaba da kallon ƙafafunsa.

Waɗanda ke kwana a jirgi sun fara cin guzurin hanya. Garin rogon da aka auna na kwana arba'in ne cif.

Alhamis, 9 ga Rajab, bayan Azahar

Idinsu. Gidan fito a kulle, ƙararrawa tun Asuba, ganguna a gaban babbar majami'ar bakin ruwa, mata sun ci ado kamar amare. A irin wannan rana Altine takan soya ƙosai har manja ya ƙare. Yau Kande ta fita ita kaɗai.

Na yi wanki a bayan ɗaki. Ƙananan tsummokaran nan da Altine take tari a ciki tana sawa ƙarƙashin matashi, ni nake wanke su, da ruwan sanyi, kafin Talatu ta zo gaisuwa. Da uku ne a rana. Yanzu ba na ƙirgawa.

Altine ta ce in buɗe mata taga ta ji gangunan. Na buɗe. Ta yi ta gaya mini sunayen waɗanda za su yi ciniki yau da waɗanda ƙosansu ba ya tashi, har ta yi dariya, dariyar kuma ta jawo abin da ta saba jawowa.

Ba ta tambaye ni maganar akwatin ba. Ta sani, duk garin ƙasa ya sani.

Juma'a, 10 ga Rajab, Magariba

Fada bai komo ba. An ce iska ce ta hana kwale-kwale fitowa. Ni na san iskar nan, babu abin da ta hana.

Asabar, 11 ga Rajab, La'asar

Ban yi karin kumallo ba na sauka gidan fito. Na tsaya a gaban magatakarda na ce na yafe, a kawo in sa hannu, a ƙona.

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce da ran Asabar ɗin can na faɗi haka, da shi kaɗai ya isa. Yanzu takardun sun hau tudu, an ba su lamba, sun shiga littafi, ba shi da ikon janye abin da ya shiga littafi. Mai ikon kuma ba ya zama ran Asabar.

Na ce takardar lafiyarmu gobe za ta mutu. Ya ce ya sani. Ya ce, a hankali, "Ka yi haƙuri, tsoho." Ban ga alamar yana jin daɗin abin ba.

Na fito na zauna a kan wata ganga har inuwa ta juya. Ashe mutum yana iya ba da abu, a ce ya makara da bayarwa.

Lahadi, 12 ga Rajab, Azahar

Kwana goma sun cika.

Litinin, 13 ga Rajab, bayan La'asar

Na hau, na sauka, na hau. Fada ya komo amma yana hutawa.

Talata, 14 ga Rajab, Magariba

Fada ya karanta. Tsoho ne tukuf, yana bin layi da yatsa kamar mai koyo, wasu haruffan ma yana juya su. Bai kai rabin sa'a ba ya ce addu'o'i ne, babu sunan kowa, babu rana, babu wuri. Ya rubuta shaida. Aka buga hatimi, aka karɓi kuɗin hatimi.

Sun mayar mini da ƙunshin. An huda kusurwar kowace warƙa an zura zare. Ban buɗe ba, na sa shi cikin riga.

Kafin La'asar an gama binciken sauran kayan. Aikin sa'a biyu ne ashe.

Yanzu sai sabuwar takardar lafiya. Likita ran Alhamis yake zagaya jirage. Sabon kuɗi.

Na sami abin da na nema. Ya kamata in yi godiya, kuma na yi.

Laraba, 15 ga Rajab, La'asar

Kande ta yini tana haɗe-haɗe: zuma, citta, lemun tsami, wani ganye da wata Bayarabiya ta ba ta. Ta shafa wa Altine man kwakwa a fuska don ta yi sheƙi. Muka gwada tsayuwar a ɗaki. Ina ƙirgawa a zuci, ta kai sittin ba ta dafa komai ba, sannan ta nemi bango.

Zanenta ya yi mata yawa. Kande ta naɗe shi sau biyu.

Da Kande ta fita, Altine ta ce, "Malam, ko a kan ruwa ne ya same ni, ai dai fuskata tana kallon gida." Na ce ta bar irin wannan maganar. Ta ce to.

Daga garinsu abin da ta riƙe kaɗan ne. Sunan garin, Kura, da sunan uwarta, da wata rijiya mai bakin itace. Tana da shekara tara aka ɗauke ta. Ta ce ba ta sa rai da ganin kowa, rijiyar kawai take so ta leƙa.

Alhamis, 16 ga Rajab, Magariba

Mun jeru. Rana ta fi ta wancan karon.

Altine ce ta goma sha tara. Likita ya tsaya da yawa a kan na goma sha takwas, yana tambayar wani tsohon miki a ƙafa. Ina tsaye a bayanta, ina jin numfashinta. Da ya zo kanta ya ce ta ja iska da ƙarfi.

Ta ja.

Na miƙa tsumma, amma ya riga ya ga jinin, kuma farin zane ne. Talatu ma ta gani. Ita ce ta ashirin.

Likitan bai yi tsawa ba. Ya kira kyaftin gefe, sannan aka kira ni da Malam. Ya ce kwana arba'in a rufaffen wuri da mutum ashirin da huɗu, ga mai ciki, ba zai sa hannu ba. Ko a cire sunanta, ko babu takarda ga kowa. Na nemi abin da zan ce ya yi ƙarya a ciki, ban samu ba.

Sati biyu da suka wuce ta tsaya a wannan wurin ya wuce ta.

Juma'a, 17 ga Rajab, bayan Azahar

Bayan salla muka zauna a saman jirgi, maza a gaba, mata a baya. Malam Mahmudu ya ce jaka za ta iya ɗaukar kwana takwas, in an matse. Bayan nan sai a fara sayar da taba, wadda ita ce jarin kowa a can. Ba wanda ya dube ni, sai na ga da sun duba ɗin.

Gwaggo Zainabu, wadda ta fi kowa shekaru a cikin mata, ta ce a cire sunan a takarda, in likita ya tafi a shigo da Altine a ɓoye ta a bayan buhuna. Kyaftin ya ce ana ƙirga kawuna a gaban ganuwar soja kafin a fita, in aka kama, jirgin za a ƙwace. Ko bai faɗa ba ni ba zan yarda ba. Na san ƙasan jirgi. Ita ma ta san shi. Ba za ta koma gida a inda aka kawo ta ba.

Audu ya raka ni har kwale-kwale. Ya ce maganar da ya yi mini ran Litinin ɗin can, in yafe masa. Na ce gaskiya ya faɗa.

Asabar, 18 ga Rajab, La'asar

Talatu ta zo tun da safe da ƙullin kayanta, ta ce ta fasa, Audu ya tafi shi kaɗai in ya ga dama. Ta zauna a bakin gadon tana kuka tana magana da Yarabanci, kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci.

Altine ta bari ta gama. Sannan ta sa na tashe ta zaune. Ta ce wa Talatu mijinta ya sayar da rumfarsa, ya sayar da bencinsa, ba shi da abin da zai komo wa. Ta ce ita ta haihu a ɗakin wani, 'ya'ya uku, biyu ba ta san inda aka kai su ba, kuma ba za ta kwanta tana kallon ta ukun tana haihuwa a garin nan ba alhali ga jirgi a tsaye. Ta ce in Talatu tana neman albarkarta, a cikin jirgin take.

Da Talatu ta fita wanke fuska, sai ta juyo kaina.

"Kai ma tafiya za ka yi."

Na ce a'a.

"Wa zai yi wa jaririn kiran salla a kunne? Wa ya san hanya daga Ikko? Kande tana nan, ba a titi za ka bar ni ba."

Na ce Malam Mahmudu zai yi kiran salla, hanya kuma ana tambaya.

Ta ce, "Malam, ka riƙe naka da ya mutu, ban ce maka komai ba. To, ka bi tawa mai rai. Abin da na roƙe ka ke nan."

Na ce ta roƙi wani abin.

Sai ta kwanta ta juya fuska ga bango.

Lahadi, 19 ga Rajab, Magariba

Kande kaɗai Altine take amsa wa. In na kawo kunu sai na miƙa wa Kande.

Litinin, 20 ga Rajab, bayan Azahar

Gyaran jerin sunaye ma da kuɗinsa. Layi ɗaya kuɗi ɗaya.

Magatakarda ya buɗe takardar, ya ɗora ma'auni a kan suna na goma sha tara, ya ja layi madaidaici. Ya ɗauki yashi zai barbaɗa, na ce akwai saura, na biyu daga sama. Ya duba sunan, ya duba ni. Ya ce in sani, in ya ja wannan layin takardar tafiyata ta mutu, in na so wata sai in faro daga farko, da shaidu da komai. Na ce na ji. Ya ce likita bai hana ni ba. Na ce na sani.

Ya riƙe alƙalamin a sama har tawada ta ɗiga a gefe. Ya ce uwarsa ma irin tarin nan ne, shekara biyu ta yi. Sannan ya ja layin.

Ashirin da biyu.

Da na fito na tsaya ina neman abin da nake ji a jikina. Yunwa ce. Na sayi dafaffiyar masara na ci a tsaye.

Talata, 21 ga Rajab, La'asar

Tunda matuƙi ya fita daga jeri, sai an sa wani, kuma sai an biya kuɗin sa shi. Kyaftin ya samo wani Bature mai jan gemu da ya taɓa zuwa Ikko sau huɗu. Na kai shi jirgi na nuna masa halinsa: yana ja hagu in iska ta zo ta baya, igiyar filafilin gaba tana son a sassauta mata. Ya saurara. Hannayensa na ma'aikaci ne, na yarda da su.

Bai san ƙofar tashar nan ba, da duwatsun da ke ƙarƙashin fitila. Da sai an yi hayar mai fitar da jirgi. Na ce wa kyaftin ni zan fitar da su, a ja kwale-kwale a baya in komo a ciki. An yarda. Wannan kaɗai ne ba a nemi kuɗinsa ba.

Laraba, 22 ga Rajab, Azahar

Kwana huɗu Altine ba ta ce mini ko sannu ba. Tsummokara dai ni take bar wa.

Alhamis, 23 ga Rajab, La'asar

Likita karo na uku. Na tsaya a gefe wajen akala kamar baƙo. Ashirin da biyu, duk sun wuce. Ya daɗe yana sauraren ƙirjin Talatu. Ya ce lafiya lau.

Juma'a, 24 ga Rajab, Magariba

An buga hatimin sallama. Ƙaramin abu ne, bai kai tafin hannu ba, tawadar ma ba ta kama sosai a gefe ɗaya ba. Malam Mahmudu ya riƙe takardar da hannu biyu har muka fito rana. Jakar ta koma kamar fatar banza. Gobe da janyewar ruwan safe za su tashi, don jibi babban idinsu ne, komai zai sake rufewa.

Talatu da Audu sun zo sallama bayan La'asar. Na bar musu ɗakin, na zauna a dakalin Kande ina kallon masu hawa hanyar tudu ta Ladeira da Praça da kaya a ka. Ban ji abin da aka faɗa ba. Da suka fito, Talatu tana ɗaure da ɗankwalin uwarta. Audu ya durƙusa a gabana. Na ce ya tashi, gobe ma za mu haɗu.

Na gaji ƙwarai.

Asabar, 25 ga Rajab, bayan La'asar

Sun tafi.

An ɗaga ƙugiya rana tana fitowa. Iska daga gabas maso arewa, ba ta da ƙarfi, amma ta isa. A gaban ganuwar soja aka tsayar da mu, wani hafsa ya hau ya ƙirga kawuna, ya duba hatimi, ya ƙirga kuma. Ya nuna ni ya ce wannan fa. Kyaftin ya ce mai fitar da jirgi ne, zai koma. Ya sauka.

Na bi da su ta tsakiya, na bar duwatsun a hagu da nisa fiye da yadda na saba. Jirgin yana da daɗin hannu. Da muka wuce fitila ruwan ya sauya launi, jirgin ya fara hawa da sauka irin na babban teku. Gwaggo Zainabu ta fara salati, sauran suka ɗauka. Shekara arba'in da wani abu rabona da wannan ruwan. Na riƙe akalar fiye da yadda ya kamata, har kyaftin ya taɓa kafaɗata ya ce in na ƙara nisa kwale-kwalen ba zai iya mayar da ni ba.

Na miƙa wa mai jan gemu. Malam Mahmudu ya riƙe hannuna ya yi addu'a gajeriya, don babu lokaci. Talatu ta ce, "Baba, in mace ce sunan Inna zan sa." Na ce ta riƙa shan ruwa ko ba ta jin ƙishi, kuma ta zauna a tsakiyar jirgi inda ba ya girgiza sosai.

Na sauka ta igiya. Aka kwance. Ban fara tuƙi ba sai da filafilan suka koma kamar farce.

Komowa ta ɗauke ni har Azahar, ruwa yana tura ni baya.

Na sami Altine a zaune, an jingina ta da matashi, taga a buɗe. Kande ta tashi ta fita. Na ajiye hulata, na zauna a ƙasa ina murza gwiwa, ban sa rai da komai ba.

Ta ce, "Ka ga fitarsu da idonka?"

Na ce da hannuna na fitar da su.

Sannan ta matsa ta bar mini wuri a bakin gadon. Ta ce, "Zo ka gaya mini tun daga ɗaga ƙugiya. Kada ka tsallake komai."

Na gaya mata. Wajen da ruwan ya sauya launi, sau biyu ta sa na maimaita.

Yanzu tana barci. Litinin zan sauka bakin ruwa in ji ko akwai mai neman matuƙi.